Ko Gobe Za a Yi Ruwa? Yadda Ya Kamata Mu Saurari Hasashen Yanayi

 Gaisuwa ta musamman ga manoman Shika da Bomo da Basawa da Giwa, da makiyaya a rugagensu, da 'yan kasuwar Samaru da Sabon Gari, da iyayenmu mata da ke saurarenmu a cikin gida. Yau maganarmu a kan hasashen yanayi ce, wato bayanin nan da ake karantawa a rediyo ko ake gani a waya, cewa gobe za a yi ruwa, jibi za a tashi da hazo. Abin da mutane ke son sani shi ne, wai abin nan abin dogaro ne kuwa?

In ka zauna a majalisa za ka ji ra'ayi iri biyu. Wani dattijo zai ce duk shaci-faɗi ne, an ce masa za a yi ruwa ranar Talata, ya hana yara shanya masara, aka wuni rana tana ƙwallewa. Wani kuma, galibi cikin matasa, duk abin da waya ta nuna masa ya hau ya zauna. A ganina duka biyun sun yi gaggawar yanke hukunci. Akwai tambayoyin da masana yanayi ke amsawa da kyau ƙwarai, akwai waɗanda suke amsawa rabi da rabi, akwai kuma guda ɗaya da har yau take ba su wahala a wannan yanki namu. Abin takaicin, ita ce manomi ya fi matsuwa a amsa masa: yaushe ruwa zai sauka a gonata?

Kafin mu yi nisa, bari mu kawar da wani shakku da ke damun wasu bayin Allah. Ruwa na Allah ne, Shi yake saukar da shi inda Ya so, lokacin da Ya so, kuma in ya yi jinkiri sallar roƙon ruwa muke fita. Mai hasashen yanayi bai ce ya san gaibu ba. Kakanninmu suna ganin shamuwa ta iso su ce damina ta kusa. Suna ganin gawo ya fara kaɗe ganye, ko iska ta juya ta fara busowa daga kudu maso yamma da ɗan danshi, su fara gyaran gona. Ba wanda ya ce sun yi duba. Alamu suka karanta, kuma aikin masanin yanayi ke nan, illa dai shi da na'ura yake auna nasa alamun, yana rubuta su da lambobi.

Wannan aikin awo ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, wadda daga 1962 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana auna ruwan sama tun cikin shekarun 1920. Daga irin waɗannan rubuce-rubucen aka san cewa Samaru na samun kimanin milimita 1,000 ko ɗan fiye da haka a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma watan Agusta ne ya fi kowanne ruwa. A 1972 wasu masu bincike biyu na Samaru, Kowal da Knabe, suka fitar da littafin taswirorin yanayin noma na jihohin Arewa, wanda ɗaliban aikin gona suka daɗe suna amfani da shi. Ga kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, inda ba ɗalibin da zai tashi da jirgi sai ya ji bayanin iska da gajimare.

To yaya ake yin hasashen? Ana fara shi da awo: zafi, danshin iska, nauyinta, inda ta dosa da saurinta, a ƙasa da can sama. Tashoshin ƙasa suna aunawa, jiragen sama da na ruwa suna aunawa, ana sakin balan-balan ɗauke da na'ura, taurarin ɗan'adam kuma suna ɗaukar hoto dare da rana. Sai a zuba duk wannan cikin manyan kwamfutoci, su lissafa yadda iska za ta motsa nan da awa ɗaya, daga nan su lissafa ta gaba, har su kai kwanaki. Cibiyar da ta fi suna a wannan aiki ita ce ta ƙasashen Turai da aka kafa a 1975 a garin Reading na Ingila. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, tana duba irin waɗannan lissafe-lissafe, ta haɗa da awon tashoshinta da ƙwarewar ma'aikatanta, sannan ta fitar da nata bayanin.

Amma lissafin yana da iyaka, kuma masanan da kansu suka gano iyakar. A 1963 wani masani ɗan Amurka, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskuren da bai taka kara ya karya ba a awon yau, yana girma kullum har ya lalata lissafin gaba ɗaya. Shi ya sa ake cewa hasashen rana takamaimai ba ya wuce kimanin mako biyu, komai ƙarfin kwamfuta. Hukumar yanayi ta Amurka kan faɗa wa jama'arta cewa hasashen kwana biyar yakan dace kusan sau 9 cikin 10, na kwana bakwai kusan sau 8 cikin 10, na kwana goma kuwa kusan rabi. Ku riƙe wannan: duk wanda ya ce muku za a yi ruwa ranar kaza ga watan gobe, ya faɗi abin da ilimin bai kai ba.

Waɗancan alƙaluma kuwa na ƙasashen sanyi ne, inda ruwa ke zuwa da ƙaton gajimare mai faɗin ɗaruruwan kilomita, yana tafiya a hankali, ana hango shi tun da kwanaki. Namu ba haka yake ba.

Bari mu fara da abin da ake dacewa da shi a nan. Zafin bazara, na watan Maris da Afirilu, ana hango shi da kyau. In NiMet ta yi gargaɗin cewa kwana uku masu zuwa za a yi tsananin zafi, ku ɗauka da gaske. Mai kiwon kaji, ko Shika Brown ɗin nan da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika ta samar ko wasu, ya ƙara ruwan sha, ya buɗe wa akurki iska, ya rage cunkoso. A kula da tsofaffi da jarirai, kada a kwana a cunkushe a ɗakin da ba taga, domin lokacin sanƙarau ne. Hazon hunturu ma haka. Yawancin ƙurar daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, wanda ake kira Bodele, kusa da Faya Larjo. Tauraron ɗan'adam yana ganin tashinta, kuma sai ta yi kwana ɗaya ko biyu a hanya kafin ta rufe Kano da Zariya. Don haka masu asma da direbobin doguwar tafiya suna iya samun gargaɗi a kan lokaci, kuma gargaɗin yakan tabbata.

Ruwan damina ne mai wuyar sha'ani. Kowa a nan ya san hadarinmu daga gabas yake haɗowa. Da la'asar gari ya yi zufa, iska ta tsaya cak, sai gabas ta yi baƙi, iska mai ƙura ta taso, sannan ruwa ya kece. Masana sun tabbatar da abin da manomi ya sani: yawancin ruwan yankinmu daga irin waɗannan jerin hadari yake zuwa, masu tasowa sau da yawa daga wurare masu tsauni irin tudun Jos, su nausa yamma da gudun da ya kai kimanin kilomita 50 a awa. Hadarin yakan haɗu cikin 'yan awoyi, ya zubar da ruwansa a wani siririn zango, ya watse. Shi ya sa za a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Kwangila, mai mota ya iso Samaru ya tarar da yayyafi, ya ƙarasa Shika ya ga ƙura na tashi.

Ku ɗauki misalin tukunyar ruwa a kan murhu. Uwargida ta san in ta iza wuta ruwan zai tafasa, har tana iya cewa saura kaɗan. Amma ku tambaye ta a wane gefen tukunyar ƙwayar tafasa ta farko za ta ɓullo, ba za ta iya faɗa ba. Haka kwamfutar take. Tana iya sanin cewa yau sama ta cika da zafi da danshi, hadari zai haɗu a arewacin jihar Kaduna. A kan wane ƙauye zai zubar, wannan ya fi ƙarfinta.

A 2018 wasu masu bincike na Karlsruhe a ƙasar Jamus suka gwada manyan kwamfutocin hasashe na duniya a kan ruwan arewacin Afirka mai zafi, wato har da yankinmu. Suka kwatanta abin da kwamfutocin suka ce da abin da ya sauka a ma'aunan ruwa. Sakamakon ya girgiza masu wannan sana'a: a hasashen ruwan kwana ɗaya zuwa biyar, kwamfutocin ba su fi mutumin da ya buɗe tsohon littafin awo ya ce "a irin wannan rana ta shekara yawanci kaza ake samu" ba. Ina so a fahimce ni, ba wai an ce hasashe ba shi da amfani ba. An ce ne ɗanyen lissafin kwamfuta, wanda ba masanin gida da ya tace shi, yana da rauni a kan ruwanmu. Ana ta gyara tun daga lokacin, amma matsalar ba ta kau ba.

Wannan ɗanyen lissafin kuwa shi ne yawanci ke cikin wayoyinku. Hoton gajimare da ɗigon ruwa da kake gani a ƙarƙashin sunan Zariya, ba wani ne ya leƙa sararin Zariya ya zana shi ba. Kwamfuta ce a wata ƙasa ta raba duniya gida-gida, kowane gida kilomita 9 ko fiye, ta fitar da lamba, manhaja ta mayar da ita hoto. Zafin da ta nuna maka kana iya yarda da shi. Ruwan ƙarfe huɗu na ranar Alhamis mai zuwa kuwa, kada ka ɗaura aure ko ka ɗage shuka a kansa.

Akwai dalili na biyu na raunin hasashen ruwanmu, kuma shi ne ya fi ci mini rai domin yana da magani. Ba mu auna samanmu yadda ya kamata. Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha faɗa cewa tashoshin awo a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Kwamfuta ba ta san abin da ba a gaya mata ba. In ba a saki balan-balan an auna iskar sama a Chadi da Nijar da arewacin Najeriya ba, lissafin da gurgun bayani zai fara, kuma kun ji abin da Lorenz ya ce game da ƙaramin kuskure. Maganin shi ne a kashe kuɗi a kan tashoshi da albashin masu kula da su. Wannan magana ce da ya kamata wakilanmu su ji.

Yanzu ga maganar kaso, wadda ke jawo wa masu hasashe zagi. In an ce akwai yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100, ba alƙawari aka yi ba. Ma'anarsa, cikin ranaku goma da aka faɗi haka, ana sa ran a yi ruwa a shida, huɗu kuma a wuni a bushe. Cibiyar Turai ba sau ɗaya take lissafi ba, takan maimaita shi kusan sau 50, kowane da ɗan bambanci a awon farko, sannan a ƙirga nawa suka nuna ruwa. Saboda haka dattijon da ya hana yara shanya ranar Talata ba lallai ƙarya aka yi masa ba, wataƙila Talatar na cikin huɗun nan. Ba a yi wa mai hasashe hukunci da rana ɗaya, sai an bi shi damina guda. Abin da ya rage ga mai sauraro shi ne ya auna asararsa. In buhunan masara ne a shanye a fili, ko kashi 30 aka ce, ka ajiye tamfol kusa. In wanki ne, ko 60 aka ce, ka shanya abinka.

Sai hasashen damina baki ɗaya, wanda NiMet ke gabatarwa a farkon kowace shekara, wajen Janairu ko Fabrairu. Shi ba lissafin rana-rana ba ne. Ya dogara ne da zafin ruwan teku, domin tun a 1986 masu bincike a Ingila suka nuna cewa daminar Sahel tana da alaƙa da ɗumin tekuna. Manyanmu ba su manta farin 1973 da na 1983 zuwa 1984 ba, kuma duka biyun sun zo a kusa da shekarun da tekun Pasifik ya yi ɗumin nan da ake kira El Nino. Teku ba ya sauya zafinsa da sauri, shi ya sa yake ba da haske na watanni. Cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai ma suna tara masanan Afirka ta Yamma kafin damina su fitar da nasu hangen. Irin wannan hasashe yana nuna inda damina ta karkata: za ta zo da wuri ko a makare, za ta yi tsawo ko gajarta, akwai fargabar tsayawar ruwa a tsakiya ko babu. Yana da amfani wajen zaɓen iri. In an ce daminar gajera ce, a nemi iri mai saurin nuna cikin masarar SAMMAZ ko waken SAMPEA ko dawar SAMSORG, waɗanda a nan Samaru aka samar da su, a tambayi malamin gona wanne ya dace.

Inda ake samun matsala shi ne ranar faɗuwar damina. Mutum ya ji an ambaci rana kaza ga Mayu, sai ya ɗauka ranar shuka aka yanka masa, alhali ranar tana da 'yan kwanakin gaba da baya. Kuma ruwan farko ba shi ne damina ba. Wani masani mai suna Sivakumar, da ya yi aiki a cibiyar ICRISAT kusa da Yamai, ya ba da ma'auni a 1988 wanda har yau ake amfani da shi: damina ta faɗi idan, bayan 1 ga Mayu, aka sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ruwa bai ɗauke fiye da kwana bakwai ba a cikin kwana talatin da suka biyo baya. Ku lura da sharaɗi na biyun. Ba a tabbatar da shi sai wata guda ya wuce. Ashe ko masanin ma sai ya waiwaya yake iya cewa ranar kaza damina ta zauna. Mai gero yana iya yin binne ya jira rabonsa, domin irin gero ba shi da tsada kuma yana da juriya. Mai masarar da ya sayi iri da tsada, ya ci bashin taki, bai kamata ya bi ruwan farko da gudu ba. Ya tona ƙasa ya ga danshi ya sauka aƙalla taƙi guda, ya saurari bayanin mako, in da hali ya raba shukarsa biyu.

Akwai wani nau'in hasashe da nake ganin shi ya fi dacewa da mu, kuma ba a cika maganarsa ba: hasashen 'yan awoyi. Tunda hadari daga gabas yake zuwa, in ya riga ya haɗu ana iya bin sawunsa. Taurarin Meteosat suna ɗaukar hoton Afirka kowane minti 15, sabon da aka harba a Disamban 2022 kuma kowane minti 10. Masanin da ke zaune gaban hoton zai ga hadari ya taso daga wajen Jos ko Bauchi, ya san gudunsa, ya ce nan da awa uku ko huɗu zai iso ƙasar Zazzau. Awa uku ta ishi mai feshin maganin ciyawa ya dakata kada ruwa ya wanke masa kuɗinsa. Ta ishi mai buga bulo ya rufe aikinsa, mai shanyar barkono ta kwashe, makiyayi ya fitar da shanu daga kwari, yara su fito daga ƙarƙashin bishiya saboda tsawa. NiMet ta shiga wani shirin haɗin gwiwa da jami'o'in Birtaniya mai suna African SWIFT wanda ya horar da ma'aikata a kan wannan dabara. Abin da ya rage shi ne saƙon ya iso kunnen mai gona da Hausa, a rediyo ko ta saƙon waya, kafin iska ta taso.

Wannan ya kai mu ga wani ciwo. Wani lokacin hasashen yakan dace, amma ba a yi aiki da shi ba. A 2022 NiMet da hukumar kula da koguna ta ƙasa, NIHSA, sun yi gargaɗin ambaliya tun kafin damina ta yi nisa. Ambaliyar ta zo, mutum fiye da 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka rasa muhalli, jihar Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Masu zama a bakin Kubanni da Galma, da masu gini a kan hanyar ruwa a Sabon Gari, in an yi irin wannan gargaɗi ku yashe magudanai tun kafin marka, ku san inda za ku kai iyali da hatsi. A 'yan shekarun nan NiMet ta fara fassara hasashenta na shekara zuwa Hausa da wasu harsuna, abin a yaba ne. Ina kira gare ta da ta ƙara abu guda: a ƙarshen kowace damina ta fito ta gaya wa jama'a, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ga abin da muka ce, ga abin da ya faru. Manomin da aka nuna wa inda aka dace da inda aka kuskure zai san nauyin da zai ɗora wa maganar baɗi.

Kafin nan, ga abin da kowane gida zai iya yi da kansa. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa. Ku kafa shi a kan turke a fili, nesa da bishiya da indararo, a tsaye ba a karkace ba. Kowace safiya a lokaci guda, a sa ɗan makaranta ya tsoma rula ya karanta zurfin ruwan, ya rubuta a littafi da kwanan wata, ya zubar. Santimita 2 a rula shi ne milimita 20 ɗin nan da muka ambata. A gefen shafin kuma a rubuta abin da rediyo ko waya ta ce jiya. In ƙungiyar manoma ce, a Shika a kafa ɗaya, a Bomo ɗaya, a Basawa ɗaya, ranar kasuwa a kwatanta littattafai, a kuma nuna wa malamin gona ko ma'aikatan Samaru, domin irin wannan awon ne suke nema ba su samu.

Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba za mu tattauna yadda ake zuba takin zamani a lokacin marka ba tare da ruwa ya tafi da shi ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga fari da ambaliya.